A Gwada Jinin Yaro Tun Bai Kwanta Ba

Mutumin Babura ba ya bukatar a nuna masa hanyar Garki. Maƙwabta ne, masarauta ɗaya ce ta haɗa su, watau Ringim. Amma ba kowa ya sani ba sunan Garki yana cikin littattafan likitoci na duniya. Daga 1969 zuwa 1976, sa'ad da ƙasar nan duka take cikin Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban aiki a ƙauyukan Garki, domin a gane yadda zazzaɓin cizon sauro yake yaɗuwa da yadda za a rage shi. Ma'aikata suka riƙa zaga ƙauyuka 22 suna ɗibar jini a ɗan yatsa, manya da yara, har da jarirai. Zazzaɓi suka zo nema. Amma da yake jinin yana hannunsu, sai Farfesa Alan Fleming, likitan jini na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa, suka duba shi domin su ga yawan masu cutar sikila, wadda muke kira amosanin jini.

Aka buga abin da suka samu a 1979. Cikin jarirai sabuwar haihuwa, wajen 2 cikin kowane 100 an haife su da cutar. Da aka koma kan yaran da suka tasa, sai aka ga masu ita sun ragu ƙwarai. Cikin manya kuwa, da ƙyar aka sami ko ɗaya. Wannan cuta ba a warkewa daga gare ta da girma. Yaran nan mutuwa suka yi tun suna ƙanana, yawancinsu ba wanda ya san abin da ya kashe su. A gida sai a ce zazzaɓi ne, ko shawara, ko haƙori. In mace ta binne biyu ko uku a jere, sai a ce wabi take yi, a huda kunnen na gaba, a raɗa masa sunan da za a ce ba a damu da shi ba.

Yau an yi shekara hamsin da wannan aiki. Abubuwa sun sake: akwai allurar rigakafi, akwai gidan sauro, akwai samari da 'yan mata masu sikila da suka gama makaranta suna aiki. Amma yawan waɗanda ake haifa da ita bai sake ba. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 an ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita kowace shekara a Nijeriya, ba wata ƙasa a duniya da ta kai haka. Har wa yau kuma, a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, yawancin iyaye ba sa sanin ɗansu yana da ita sai ranar da aka kwantar da shi ana neman mai ba da jini.

Yadda ake gadonta

Manomi ya san iri. Abin da ka shuka shi za ka girba, kuma ba a samun ɗa sai da uba da uwa. Cikin jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina cikin jiki. Abin da yake cikin ƙwayoyin nan, kowa ya gaji rabi daga ubansa, rabi daga uwarsa. Mai kyau ana kiransa A, mai lahani ana kiransa S. Wanda ya gaji A ta ɓangare biyu shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana dako, yana tsufa, sai dai yana ɗauke da irin. Wanda ya gaji S daga uba, ya kuma gaji S daga uwa, shi ne SS, shi ne mai cutar. Akwai kuma wani iri da ake kira C. Bai da yawa a nan, a Garki bai kai mutum ɗaya cikin 100 ba, amma in ya haɗu da S yakan ba da ciwo, ko da yake sau da yawa bai kai na SS tsanani ba.

Ƙwayar jinin mai SS, in iska ta yi mata ƙaranci, sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri. Ta haka take toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashi da gaɓoɓi da yake sa yaro kururuwa da dare. Ba ta kuma daɗewa. Ƙwaya mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 sai ta fashe. Shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa kuma da rawaya-rawaya.

Ga wata dabara da za a iya yi a wurin taro domin kowa ya gane. A sami buhu biyu, ɗaya na miji ɗaya na mata. A sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowane buhu. A rufe ido a zaro ɗaya daga nan, ɗaya daga can, a duba, sa'an nan a mayar da su a sake. In aka yi ta yi, za a ga wajen sau ɗaya cikin huɗu ja da ja ne suke fitowa. Haka yake ga miji AS da mata AS. A lura da mayar da waken nan, domin nan ne mutane suke ruɗewa. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran uku sun tsira ba ne. Kowane ciki sabon zare ne. Wani gida za a haifi shida ba ko ɗaya, wani gida uku a jere.

Saboda haka, maigidan da yake cewa matarsa ce ta kawo ciwo cikin zuriyarsa, bai faɗi daidai ba. In yaro SS ne, lalle rabin daga wurin uban ya fito. In ya sake ta ya auro wata, wadda ya auro ɗin ma tana iya zama AS, tun da yake a ƙasar nan wajen mutum ɗaya cikin huɗu haka yake. Auren zumunci yakan ƙara haɗa S da S in yana cikin dangi, amma ko bare da bare, wajen aure ɗaya cikin goma sha shida AS ne da AS.

Mai karatu zai ce, me ya sa irin nan ya yi yawa haka a wurinmu? Garki ta ba da amsa. Cikin jarirai, 24 cikin 100 ne AS. Cikin waɗanda suka wuce shekara biyar kuwa, 29 cikin 100. Watau zazzaɓin cizon sauro ya fi ɗaukar yara AA, masu AS suna ɗan tsira. Wani likita mai suna Anthony Allison ne ya nuna wannan a Gabashin Afirka tun 1954. Duk inda sauro ya daɗe yana kisa, nan S yake yawa. Amma kada a ɗauka mai SS ya tsira daga zazzaɓi, shi ne ma wanda zazzaɓi ya fi saurin kayarwa.

Ba kowane gwajin jini ne ba

Nan ne ake yawan asarar kuɗi da lokaci. Uwa za ta ce, ai an taɓa auna jininsa a asibiti. Gaskiya ne an auna, amma wane awo?

Wanda aka fi yi shi ne na yawan jini, wanda ake rubuta PCV a kan kati. Ana zuba jini cikin wata 'yar siririyar kwalba kamar tsinken tsintsiya, a juya ta cikin na'ura, a ga yawan jajayen ƙwayoyi. Yaro mai lafiya yakan kai 33 ko fiye. Mai sikila, ko ranar da yake wasa lafiya lau, yakan tsaya wajen 20 zuwa 27. Wannan awo yana da amfani, yana kuma da araha, amma ba ya faɗin dalili. Zazzaɓi yana rage jini, tsutsar ciki tana ragewa, rashin abinci mai gina jiki yana ragewa. Alama ce kawai. Yaron da aka auna sau biyu ko uku jininsa bai taɓa hawa ba, ko wanda aka yi wa ƙarin jini tun bai shekara biyu ba, lalle a nemi gwaji na gaba, kada a koma gida da kwalbar maganin ƙarin jini kaɗai.

Na biyu shi ne rukunin jini, wanda ake cewa O, ko A, ko B, ko AB. Amfaninsa sanin jinin wa za a iya ƙara wa wa. Ba ruwansa da sikila. A ɗin da ke cikinsa dabam yake da A na AA, suna ne kawai ya zo ɗaya. Mutum yana iya zama O kuma SS.

Na uku, ana ɗiga jini a kan gilashi a haɗa da wani ruwan magani, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. Wannan ya fi kusa, amma yana da aibu biyu. Ba ya raba AS da SS, duka biyu sai ya nuna akwai. An sha tayar wa iyaye hankali an ce ɗansu yana da sikila, alhali AS ne, ba abin da zai same shi. Sa'an nan ga jaririn da bai kai wata shida ba, yakan nuna babu ko da akwai.

Gwajin da ake bukata shi ne wanda ma'aikatan asibiti suke kira jinotayif, wanda amsarsa take fitowa da haruffa biyu: AA, AS, AC, SS ko SC. Tsohuwar hanyarsa ita ce na'ura mai raba jini da wutar lantarki, sai a babban asibiti ko ɗakin gwaji a gari. Yanzu kuma akwai 'yan tsinkaye irin na gwajin zazzaɓi, kamar HemoTypeSC da Sickle SCAN. Ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa ko diddige, ba wuta, ba firji, kafin minti goma sha biyar an sami amsa, kuma suna aiki ga jariri sabuwar haihuwa. An gwada wannan a Nijeriya. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun haɗa gwajin da ranar allurar rigakafi a ƙananan asibitoci biyar na Gwagwalada daga 2017 zuwa 2019. Suka gwada jarirai 3,603, suka sami 51 SS, 740 kuma AS. Ma'aikatan ƙananan asibitocin ne da kansu suka yi aikin, iyaye mata kuwa da ma sun zo allura, ba wanda ya biya kuɗin mota na biyu.

Abu ɗaya a kiyaye. In an yi wa yaro ƙarin jini, jinin wani ne yake yawo a jikinsa, gwaji zai iya nuna AS alhali SS ne. A roƙi ma'aikaci ya ɗebi na gwaji kafin a sa ledar jini. In an riga an sa, a jira wata uku zuwa huɗu. Wanda kuma tsinke ya nuna SS ko SC, yana da kyau a sake tabbatarwa a babban asibiti.

In an sani, sai me?

Waɗansu sukan ce, cutar da ba ta da magani, me amfanin saninta, sai baƙin ciki? Wannan magana ta tsufa.

Jariri mai SS yakan fito da ƙiba da kyau, ba abin da zai nuna. Dalili kuwa, akwai wani irin jini na cikin ciki da yake tare da shi, wanda ba ya lanƙwashewa. Yana raguwa a hankali, wajen wata shida ya kusa ƙarewa. Daga nan ne za a ga bayan hannu da bayan ƙafa sun kumbura suna zafi, yaro ba ya yarda a taɓa. Sau da yawa wannan ce alama ta fari. Amma tun kafin ta fito, saifarsa ta fara lalacewa, saifa kuwa ita ce mai tace ƙwayoyin cuta daga jini. Shi ya sa abin da ya fi kashe waɗannan yara ba ciwon ƙashi ba ne. Ciwon haƙarƙari ne, da sanƙarau, da ƙwayoyin cuta cikin jini, da zazzaɓi. Yaro ya tashi da zafin jiki da safe, kafin dare an rasa shi.

A 1986 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka. An ba waɗansu ƙananan yara masu sikila fenisilin na sha sau biyu kowace rana, waɗansu ba a ba su ba. Mugun ciwon nan na ƙwayoyin haƙarƙari ya ragu da kashi 84 cikin 100 ga masu shan maganin, har aka tsayar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba, domin a ba kowa. Fenisilin tsohon magani ne mai araha. Ana fara shi tun yaro yana wajen wata biyu, a ci gaba har ya shekara biyar. Wanda ba a gwada ba sai ya shekara uku, ya riga ya wuce mafi hatsarin hanya ba mai rakiya, in ya kai ke nan.

A Jamaika, daga 1973 zuwa 1981, an gwada jarirai 100,000 a wurin haihuwa, aka bi waɗanda aka samu da cutar har girmansu. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka koya can bai ci ko kwabo ba. Wani lokaci jinin yaro yakan taru cikin saifa farat ɗaya, ciki ya kumbura ta hagu, tafin hannu da leɓe su yi fari, yaro ya yi laushi. Aka koya wa iyaye mata su riƙa taɓa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu kowace rana lokacin wanka, in sun ji saifa ta sauko fiye da yadda suka saba, su ruga asibiti. Mutuwa ta wannan hanya ta ragu ƙwarai. Duk uwar da aka ce ɗanta SS ne, ta sa ma'aikaci ya kama hannunta ya nuna mata wurin, kada ta bar asibiti sai ta iya. Tsaga da ƙaho a kan saifa kuwa, jinin da ba shi da yawa ake ƙara zubarwa, ga kuma hanyar shigar cuta.

Sauran abubuwan duk mun san su, sai dai ga wannan yaro tilas ne. Allurar rigakafi a cika ta duka, ta haihuwa, da ta mako 6, da 10, da 14, da ta wata 9. Tun ƙarshen 2014 aka fara sa ta ciwon haƙarƙari cikin jerin alluran yara a Nijeriya. Gidan sauro kowane dare. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana rabawa yara da damina, wanda Kazaure da Roni suke cikin wuraren da aka fara shi a Jigawa, kada a ɓoye yaro in masu rabo sun zo, a gaya musu abin da yake sha. Folik asid kowace rana. Ruwan sha da yawa, musamman da bazara. Da hunturu a rufe shi, a yi masa wanka da ruwan ɗumi da rana ta ɗaga. Da damina kada ruwa ya dake shi a gona, kada ya bi yara wanka a kududdufi ko dam. Maganin ƙarin jini na kemis mai ƙarfe a ciki, kada a ba shi sai likita ya ce, domin rashin jininsa ba na rashin ƙarfe ba ne. Zafin jiki kuwa, in ma'auni ya nuna 38, asibiti a ranar, ko tsakar dare ne.

Akwai kuma shanyewar ɓarin jiki. Mun saba ganinta ga tsofaffi, amma wajen yaro ɗaya cikin goma masu SS takan same shi kafin ya shekara ashirin in ba a tare ta ba. Ana iya ganin hatsarin tun da wuri da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, ba allura ba zafi, tana auna gudun jini cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da na Barau Dikko a Kaduna da abokansu na Amurka, sun bi yara 220 da na'urar ta nuna suna cikin hatsari, suka ba su wani magani mai suna haidiroksiyuriya. A sakamakon da aka buga a 2022 an ga ko ƙaramin awo na maganin yana tare shanyewar. Maganin yana kuma rage yawan tashin ciwo. Ba na saye a kemis a sha da ka ba ne, sai da likita da awon jini lokaci-lokaci. Daga Kazaure zuwa Kano ta Ɗambatta ba tafiyar kwana ba ce. Yaro SS da ya kai shekara biyu, a tambayi likitansa zancen wannan awo na kai.

A ƙasashen da ake gwada kowane jariri a kuma bi shi da waɗannan abubuwa, fiye da 90 cikin 100 na masu sikila suna kai girma.

Tun da muna zancen jinin gado, ga wani da ba a cika sani ba, likitoci suna kiransa G6PD. Ya fi kama 'ya'ya maza. Mai shi lafiyarsa ƙalau, sai in ya haɗu da waɗansu abubuwa, jininsa ya farfashe. Biyu daga cikinsu suna cikin ɗakin kowace mai jego: kafur da ake sawa cikin akwatin kaya, da lalle. Kada a ajiye kayan jariri da kafur, kada a shafa masa lalle. Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi rawaya kafin suna, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a rana ana jiƙa masa saiwa.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

A 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, jinotayif yana ciki, ikilisiyoyi da yawa kuma sun daɗe suna neman takardar kafin a ɗaura aure. Abu ne mai kyau, amma a ganinmu yakan zo a makare. In an riga an kai kaya, an sa rana, an gaya wa dangi, wa zai fasa saboda takarda? Sa'an nan bai taimaki yaron da aka riga aka haifa ba. Gwaji tun ƙuruciya yana maganin duka biyu. Jinotayif ba ya sakewa, wanda aka yi wa daidai yana jariri, ya san matsayinsa tun kafin ya fara zance.

Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗi ta sayo taki a mota ɗaya, za ta iya wannan. Da kaka, sa'ad da akwai ɗan abu a hannu, a tura mutum biyu, namiji da mace, su je Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, su tambayi wane irin gwaji ake yi, nawa ne, ko akwai na tsinke, ko za a iya sa musu rana su kawo yara gaba ɗaya, ko kuwa ma'aikaci ya zo ranar allura. A tambaya kuma ina za a kai yaron da aka samu, wace rana ce ta masu sikila. Gwajin da ba a shirya abin da zai biyo bayansa ba, tayar da hankali ne kawai. A fara da jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyar, da ƙannen duk yaron da aka sani yana da ita, da 'ya'yan gidan da aka yi ta rasa yara.

Sakamako na iyaye ne. Kada a karanta shi a taro, kada sakatare ya rubuta shi cikin littafin ƙungiya. Yarinya AS ba marar lafiya ba ce, in ta auri AA ba za ta haifi SS ba, kada bakin mutane ya kore mata manema. A sa katin cikin leda tare da katin allura, a riƙa tafiya da shi duk sa'ad da za a je asibiti.

In an amince, kowane mamba ya zuba mudu ɗaya ko biyu na gero ko wake da kaka, a sayar a ajiye dabam, domin kuɗin mota da dare da kuɗin fenisilin na gidan da abin ya fi ƙarfinsu. A kuma rubuta sunayen ƙarfafan maza da suka yarda su ba da jini, kowa da rukuninsa da lambar wayarsa, a ba ma'aji ɗaya, a ba shugabar mata ɗaya.